Lafiyar 'Yan Ci-rani a Filayen Noman Rani na Garun Malam: Gina Shirin Kyautata Rayuwa a Kan Al'adar Masu Shi

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda ya kamata a tsara shirin kyautata rayuwa da kare lafiya ga 'yan ci-rani masu zuwa neman na kai a filayen noman rani na Garun Malam da Kura da Bunkure a Jihar Kano. Ta waiwayi shirye-shiryen da aka gwada a kan baƙi mazauna Birtaniya da Amurka, da ma'aikatan gonakin rake na Amurka ta Tsakiya, sannan ta auna su da halin da ɗan ƙwadago yake ciki a Kadawa da Kwanar Gafan. Matsayar takardar ita ce, ɗan ci-rani ya fito ne don ya tara abin komawa gida, kuma ba shi ne ke da iko da tukunyar da yake ci ba, ko ruwan da yake sha, ko lokacin da zai huta. Saboda haka duk shirin da zai amfane shi dole ya bi ta hannun masu wannan iko, wato maigidan da ya sauke shi, da mai gonar da ya ɗauke shi aiki, da mai abincin da ke ciyar da shi, da limamin da yake bi salla. An rufe da shawarwari ga hukumomin lafiya da na noma da masarautu.

1.0 Gabatarwa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar 'yan gudun hijira da 'yan ci-rani, an ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya ba ya zaune a inda aka haife shi. Daga cikin kusan mutum biliyan ɗaya da ake magana a kansu, miliyan 281 ne suka ƙetare iyakar ƙasa, sauran kimanin miliyan 763 kuwa a cikin ƙasashensu suke yawon neman abinci. Amma idan aka zo zancen shirye-shiryen kyautata rayuwa, wato gyara cimaka da motsa jiki da barin taba da auna hawan jini, kusan duk rubuce-rubucen a kan kason farko suke, musamman waɗanda suka sauka a biranen Turai da Amurka.

A ƙasar Hausa, fita neman kuɗi bayan an kawar da amfanin gona tsohuwar al'ada ce. A ranin 1952 zuwa 1953, ƙidayar da aka yi a hanyoyi da mashigan koguna, wadda Mansell Prothero ya yi nazari a kanta, ta nuna sama da mutum 250,000 sun bi hanyoyin fita daga lardin Sakkwato. David Rain ya rubuta littafi guda a 1999 kan masu irin wannan tafiya daga Maraɗi. Abin da ya sauya daga baya shi ne alƙibla. Da can birni ake nufa, ko Kurmi, ko Gwanja. Tun da aka buɗe manyan filayen ban ruwa, sai karkara ita ma ta zama masaukin baƙi, domin a lokacin da gonakin tudu suka bushe ne ake neman hannu a Kadawa.

Takardar ta dogara ne a kan binciken da masana suka wallafa, da ƙa'idojin hukumomin lafiya, da kuma abin da duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya a watannin tumatir zai iya gani da idonsa.

2.0 Wurin da mutanen da ke zuwa cikinsa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma tana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga nan ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har bakin gona ba tare da inji ba. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000 a yankin da yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara hanyoyin ruwan, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A Kadawa akwai tashar bincike ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a arewa.

Ƙidayar 2006 ta ba Garun Malam mutum sama da 116,000. Wannan lissafin mazauna ne. Daga Nuwamba, lokacin dashen tumatir da shukar alkama, zuwa Afrilu da ake ƙarasa girbi, jama'ar da ke kwana a Kadawa da Ciromawa da Dorawar Sallau da Kwanar Gafan ta wuce ta 'yan gari, kuma ba iri ɗaya ba ce.

Akwai samari 'yan ƙwadago daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Damagaram da Maraɗi, masu yin dashe da ban ruwa da feshi da yankan shinkafa, wasu a kan kuɗin yini, wasu a kan jinga. Akwai masu ɗan jari da ke karɓar hayar gona na kaka ɗaya. Akwai fatake da dillalai da direbobin manyan motoci da 'yan dako da ke cika kasuwar Kwanar Gafan, inda ake loda kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Akwai mata masu tsinkar tumatir da masu kala a bayan masu girbi da masu sayar da abinci, akwai almajirai da ke shiga gona bayan karatun safe, akwai Fulani da ke kawo shanu cin harawa. A 'yan shekarun nan an ƙaru da iyalan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu a Zamfara da Katsina.

Kada a ɗauka waɗannan mutane tarkace ne marasa tsari. Tun 1978 Sam Jackson ta wallafa labarin yajin aikin da matan Hausawa masu ƙwadago suka yi a wata gonar kamfani da ke cikin wannan fili, a kan kuɗin aiki. Har gobe kowane rukuni na da shugabansa, wanda ke karɓo aiki, ya yi ciniki, ya raba kuɗi, ya sasanta rigima.

3.0 Abin da aka gwada a wasu wurare

A 1999 Ken Resnicow da abokan aikinsa suka rarrabe mataki biyu na daidaita shirin lafiya da al'adar jama'a. Na farko shi ne na sarari: a yi magana da harshensu, a sa hoton mai kama da su, a ambaci abincin da suka sani. Na biyu shi ne na ciki: a gane me suka ɗauka yana kawo ciwo, wa ke yanke shawara a gida, me suke jin kunyarsa, me suka sa a gaba a rayuwa. Mataki na farko yana sa a saurare ka. Na biyu ne ke sa a yi aiki da abin da ka faɗa.

Binciken RODAM, wanda Charles Agyemang ya jagoranta, ya kwatanta 'yan Gana da ke ƙauye da na birni da waɗanda suka koma Amsterdam da Balin da Landan. A sakamakon da aka fitar a 2016, matan da ke da ƙiba fiye da kima a karkarar Gana kimanin kashi 8 ne cikin ɗari, a Landan kuwa sun haura kashi 50. Jini ɗaya ne, wurin zama da abinci da yanayin aiki ne suka bambanta. A Sukotlan, shirin PODOSA ya tura masana abinci gidajen 'yan asalin Indiya da Pakistan har sau 15 cikin shekara uku, suna zama da mai dafa abincin gidan, ba da mai fama da ƙibar kaɗai ba. Bambancin nauyin da aka samu kimanin kilo 1.6 ne kawai, amma kusan duk waɗanda suka fara shirin sun kai ƙarshensa, abin da ba kasafai ake samu ba. A Los Anjelis ta Amurka, a binciken da aka wallafa a 2018, an kai masana magunguna shagunan aski 52 na baƙar fata. Cikin wata shida lambar sama ta awon jinin waɗanda aka duba a shagon ta sauka da 27, ta waɗanda aka ce su je asibiti da kansu kuwa da 9 kawai.

Waɗanda suka fi kama da mutanenmu su ne ma'aikatan gona. Amurka ta yi dokar kula da lafiyar 'yan ƙwadagon gona masu yawo tun 1962, kuma asibitocin da aka kafa a ƙarƙashinta suna ɗaukar masu wayar da kai daga cikin ma'aikatan kansu. A gonakin rake na Nikaraguwa da El Salbado, inda ciwon ƙoda ya hallaka dubban samari masu sara cikin zafin rana, an gwada abu uku masu sauƙi: ruwan sha a kusa, hutu a kan ƙa'ida, da inuwar da ake ɗauka ana bin ma'aikata da ita. Lahanin ƙoda ya ragu, aikin kuma bai ragu ba.

Darasin da ya ratsa waɗannan misalai shi ne, an yi nasara a inda aka je wurin da mutane suka saba taruwa, aka kuma haɗa kai da wanda abin yake hannunsa. Amma saƙon kansa ba zai ɗauku yadda yake ba. Mutumin da ya yini a sunkuye yana dashe, ko yana ɗora kwando a kan tirela, ba ya bukatar a gaya masa ya yi minti 150 na motsa jiki a mako. Jikinsa hutu yake nema.

4.0 Abubuwan da ke cin jikin ɗan ci-rani

4.1 Abinci

Ɗan ci-rani ba ya ɗora tukunya. Da safe shayi da burodi, ko koko da ƙosai. Da rana garau-garau da mai da yaji, ko ɗanwake, ko rogo da ƙuli, a bakin gona. Da dare abin da ya samu. Ma'auninsa shi ne abin da zai riƙe ciki a kan kuɗi kaɗan, domin duk nairar da ya ci a nan ta fita daga kuɗin takin bana ko na auren da yake tari. Yana yini cikin tumatir da albasa da tattasai, amma mai kyau na kwando ne, kuma giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so mutum ya ci a yini ba ya ko kusa da kwanonsa.

A nan dole a raba jama'ar gida biyu. Mai gumi a gona matsalarsa ƙarancin abinci mai gina jiki ne da ƙarancin ruwa. Mai zama a rumfa, wato dillali da falke da direba, matsalarsa akasin haka ce: ya yini a kan benci, ga balangu, ga lemon kwalba, ga shayin da aka zuba wa sukari cokali huɗu ko biyar, ga miya mai gishiri da ɗunƙulen magi wanda kusan rabinsa gishiri ne. Ƙa'idar gishiri ita ce ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A ƙasar da kusan ɗaya cikin manya uku ke da hawan jini, yawancinsu ba su ma sani ba, wannan rukuni ne ya fi bukatar awo. Saƙo ɗaya ba zai yi wa rukunin biyu daidai ba.

4.2 Zafi da ƙishirwa

A Maris da Afrilu zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas. Mai aikin jinga ba ya son tsayawa, domin da yawan abin da ya gama ake biyansa. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a wannan tsakani, kuma zai ɗauki shekaru yana zagayowa cikin watannin noman rani. Koke-koken yawaitar ciwon ƙoda da ake ji daga Haɗeja da Gashuwa, a ƙasan kogin da ke shayar da waɗannan filaye, sun isa su sa a ɗauki maganar ruwan sha da inuwa da muhimmanci.

4.3 Maganin feshi

A tsaya a bakin kanal da hantsi a kalli mai feshi. Zai auna magani da murfin kwalbar, ya zuba a tankin goyo, ya ɗebo ruwa daga kanal ya cika, ya juya da kara. Ba safar hannu, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Idan tankin na yoyo, rigarsa ce ke shanyewa, kuma da ita zai yini. Ya gama, ya ɗauraye tankin a kanal ɗin, alhali a ƙasa kaɗan wani yana alwala, wata yarinya tana cika jarka. Daga nan ya nemi madara ko nono ya sha, a kan imanin cewa suna wanke dafin. Ba sa wankewa. Kwalbar kuma ba a jefar da ita, ta koma ta man gyaɗa. Tun bayan ɓarnar sharon manoma sun ƙara yawan feshi, kuma baƙo ne aka fi ba wannan aiki.

4.4 Ƙwaya

Rahoton 2018 na binciken ƙasa kan shaye-shaye da aka gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a shekarar da ta gabaci binciken, kuma magungunan kashe ciwo irin su tiramol na sahun gaba. A gona ba don nishaɗi ake fara sha ba. Ana sha ne don a iya gama jinga, kamar yadda ake shan gadagi. Wanda aka yi wa wa'azin ɗan ƙwaya alhali shi a ganinsa maganin gajiya yake sha, zai ɗauka ba da shi ake ba.

4.5 Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro

Ruwan kanal mai tafiya a hankali, da ciyawa a gefensa, mazaunin katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ne, kuma ta fata take shiga. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ko aikin zafin rana. An saba raba maganin a makarantu, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce a ba kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama a duk inda cutar ta kai kashi 10 cikin ɗari. Baƙo ba ya makaranta, kuma idan ya koma gida da ƙwayar zai kai ta kududdufin garinsu. Haka gidan sauro: gida-gida ake bi ana rubuta suna, ana ba da ɗaya ga mutum biyu. Samari goma da ke kwana a shago ko rumfar kasuwa ba sa cikin lissafin gida, ga shi kuma ruwan da ke kwance a fadamun shinkafa yana raya sauro har cikin rani.

5.0 Ƙofofin da shirin zai shiga ta cikinsu

Kano ta riga ta koyi darasin bi ta hannun waɗanda jama'a suka yarda da su, kuma da tsada ta koya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda zargin da jama'a ke yi masa, ba a dawo da shi ba sai a 2004. Fassara takardun wayar da kai zuwa Hausa ba ta kawar da zargin ba. Abin da ya yi aiki shi ne shigowar sarakuna da malamai, da kwamitin sarakunan arewa kan lafiya a matakin farko da aka kafa a 2009, da ɗaukar matan unguwa su riƙa shiga gidajen da suka sani, da kai ma'aikata tashoshin mota da kasuwanni da rugage, da sansanonin da ake ba da maganin zazzaɓi da na sauran cututtuka tare da ɗigon. Yaro na ƙarshe da nau'in cutar na daji ya kama a Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014. Da ɗan gari kan ci gari, kuma ɗan ci-rani ma yana da nasa 'yan garin.

Ƙofa ta farko maigida ne. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka gina kasuwancinsu a kan maigida mai sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa. Tsarin nan yana nan a Kwanar Gafan da garuruwan kewaye. Wanda ya san adadin mutanen da ke kwana a shagonsa shi ya fi dacewa a danƙa wa gidajen sauro, kuma shi za a fara sanarwa ranar rabon maganin tsargiya.

Ta biyu mai gona ne da shugaban 'yan ƙwadago. Hutu da inuwa da ruwan sha ba abin da ɗan ƙwadago zai ba kansa ba ne, a wurin ciniki ake yanke su. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna da rajistar manoman kowane sashe, suna kuma da ikon sa doka a kan mambobinsu. Za su iya mayar da jarkar ruwa mai tsabta da rumfar kara a bakin gona sharaɗi, su keɓe wurin wanke tankin feshi nesa da kanal, su sayi takalman roba da safar hannu a riƙa ba da aro. Hujjar da mai gona zai ji ita ce ta aljihu: ma'aikacin da ya kwanta ranar tsinka asarar kwanduna ce.

Ta uku mai abinci ce da mai shayi. Mace ɗaya mai garau-garau tana ciyar da mutane da yawa a yini, don haka gyaran tukunyarta ya fi wa'azi ga kowannensu ɗaya bayan ɗaya. A ƙara wake a kan shinkafa, a yanka tumatir da albasa da kabeji a kai, a bar gishiri da yaji a gefe kowa ya ɗiba. Tumatirin da ya ɗan fashe amma bai ruɓe ba, wanda ba zai jure tafiyar Legas ba, ana iya sayar mata da shi da rahusa. Mai shayi kuma ya riƙa tambayar cokali nawa kafin ya zuba. Ba wadda za ta sauya girkinta idan ciniki zai ragu, saboda haka da ita za a zauna a yi lissafin riba.

Ta huɗu masallaci ne. Haramcin yin fitsari a ruwan da ke tsaye sananne ne ga duk wanda ya yi karatun tsarki, kuma shi ne ainihin abin da ke yanke yaɗuwar tsargiya. Ruwan kanal da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ƙwayar cikinsa ta mutu, don haka randa biyu a ƙofar masallacin gona, ana amfani da ɗaya ana ajiye ɗaya, sun isa su kare masu alwala. Game da azumi, malaman Malikiyya sun yi bayani a kan magirbin da wahala ta kai shi maƙura, kuma daga bakinsu ya kamata a ji hukuncin. Abin da ma'aikacin lafiya zai nema shi ne a mayar da aiki mai nauyi zuwa bayan asuba, a tashi kafin rana ta take.

Ta biyar mai kemis ne, domin wurinsa ake fara zuwa. Idan aka horar da shi awon jini, aka haɗa shi da asibitin da zai tura mutane, an mayar da shi abokin aiki. Shirin ƙasa na shawo kan hawan jini da aka fara a jihohin Kano da Ogun a 2020 ya nuna ma'aikatan ƙananan asibitoci na iya ba da magani bisa tsari mai sauƙi. Saura a kai wannan tsari kasuwa da yamma, lokacin da aka tashi daga aiki, domin yini guda a layin asibiti yana cinye kuɗin yini da na mota da na kati.

Mata na bukatar tasu hanyar. Masu turara shinkafa a Kura suna yini cikin hayaƙin itace da ƙaiƙayi, masu tsinka kuma da goyo suke shiga gonar da aka yi wa feshi. Mace ce za ta isa gare su, a wurin aikinsu, a kuma lokacin da suka zaɓa.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano, tare da hakimai da dagatai da shugabannin kasuwa, su riƙa rubuta baƙin da suka sauka a farkon kowane rani, a kuma bayyana musu cewa rajistar ta magani ce, ba ta haraji ko ta shige da fice ba.

Na biyu, a daidaita kalandar lafiya da ta noma. Gidan sauro da awon jini a Nuwamba da Disamba lokacin isowa, maganin tsargiya a ƙarshen rani kafin a koma gida.

Na uku, a ba duk wanda aka samu da hawan jini ko ciwon suga kati mai bin sa duk inda ya je, da maganin da zai kai shi gida. A rubuta bayanin da boko da ajami, domin da yawa daga cikinsu makarantar allo suka yi, kuma ajami na karantuwa a Damagaram kamar yadda yake karantuwa a Kura. A haɗa da saƙon murya ta waya da Hausa da Fulatanci.

Na huɗu, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. Ya kamata hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano ta fito da tsarin wata shida da za a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi, ta hannun ƙungiyoyin kasuwa da na manoma.

Na biyar, malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar, su sa kariyar mai feshi cikin darasin da suke ba manoma, kuma a gayyaci mai feshin kansa, ba mai gonar kaɗai ba.

Na shida, Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su bi rukunin 'yan ƙwadago daga isowarsu zuwa komawarsu, suna auna jini da aikin ƙoda da fitsari, domin a san wane mataki ne ya fi biyan kuɗinsa.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa daidaita shirin lafiya da al'adar 'yan ci-rani a Garun Malam ya wuce sauya harshen saƙo. Yana bukatar sanin dalilin fitowarsu, da mutanen da ke riƙe da abincinsu da lokacinsu, da bambancin da ke tsakanin mai gumi a gona da mai zama a rumfa. Yawancin matakan da aka kawo ba sa bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma, domin masu unguwanni da ƙungiyoyin ruwa da limamai da masu abinci duk suna nan. Tumatir da shinkafar da ake ci daga Kano har Legas da hannun waɗannan baƙi ake noma su. Haƙƙi ne a kan gwamnati da masarautu da manoman da ke cin moriyarsu su tabbatar cewa wanda ya zo da lafiyarsa ya koma wa iyalinsa da ita.